A Wace Ƙofa Muridi Zai Fara Sallama? Darasi Kan Ziyarar Dangi a Babban Hutu

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Shugaban halitta Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya. Bayan haka:

Da zarar an rufe lakwal, ɗalibai sun gama jarrabawa, sai tashoshin mota na Yamai su cika maƙil, kuma haka abin zai ci gaba har zuwa komawa aji a watan Oktoba. Manyan motoci kan tashi tun kafin asuba su miƙi hanyar gabas: Doso, Dogon Dutsi, Birnin Ƙonni, Madawa, Gidan Rumji, Maraɗi, Tasawa, har Damagaram, tafiyar da ta kusa kilomita 900. Masu zuwa Tawa su karkata arewa daga Tsarnawa. A ciki akwai ƴan makaranta, da malamansu, da ma'aikatan da suka karɓi hutun shekara, da mata riƙe da yaran da za a kai su ga kakanni. Wasu ma sai sun tsallaka iyaka, ta Ɗan Isa zuwa Katsina, ko ta Magarya zuwa Daura da Kano, domin layin da Turawa suka ja bai raba jini ba.

Mafi yawan mutane hutu suke kiran wannan tafiya, kuma ba su yi kuskure ba. Sai dai wanda ya riƙi wuridin Shehu Ahmadu Tijjani, Allah ya ƙara yarda da shi, yana da wani lissafi ƙari a kan na sauran jama'a. Ranar da muƙaddami ya laƙƙana masa wuridi, ba lazimi da wazifa da zikirin Juma'a kaɗai ya ɗaukar wa kansa ba. Cikin sharuɗɗan da littattafan ɗariƙa suka jera akwai kiyaye salloli biyar a kan lokaci, akwai biyayya ga iyaye, akwai kuma nisantar yanke hulɗa tsakaninsa da bayin Allah, musamman ƴan'uwansa na ɗariƙa. Ke nan wanda yake da wa ko ƙanen da ya shekara uku bai yi wa magana ba, akwai ɓaraka a cikin alkawarinsa, ko da carbinsa bai taɓa kwana a aljihu ba. Babban hutu shi ne lokacin da uzurin "babu sarari" yake faɗuwa. Ga sarari ya samu, ga kuɗin mota an tanada, saura zuciya.

Imamu Muslim ya ruwaito labarin wani mutum da ya fita ziyarar ɗan'uwansa a wata alƙarya, sai Allah ya tsayar masa da mala'ika a kan hanya. Mala'ikan ya tambaye shi inda ya nufa, ya kuma tambaye shi ko akwai wata ni'ima da yake zuwa kula da ita a wurin mutumin. Ya amsa cewa babu komai, yana dai son sa ne saboda Allah. Nan mala'ikan ya ba shi bushara cewa Allah ya so shi kamar yadda ya so ɗan'uwansa dominsa. Abin lura shi ne tambayar ta biyu. Ba a tambayi tsawon tafiyarsa ba, ba a tambayi tsarabar da ya ɗauko ba, dalilin fitowarsa aka bincika. Ya kamata muridi ya yi wa kansa irin wannan tambayar tun yana layin sayen tikiti. Akwai mai zuwa gida don a ga sabuwar motarsa. Akwai mai zuwa don ya duba ko an taɓa masa iyakar gona. Akwai wanda matarsa ce ta matsa ya kai yara ya huta da hayaniyarsu. Ba duka ne haramun ba, amma babu ɗaya daga cikinsu da ya kai a tsayar masa da mala'ika. Gyaran niyya kuwa ba ya cin ko dala.

Daga niyya sai tsari, wato wa za a fara da shi. Iyaye su ne kan gaba, wannan babu jayayya. Bayansu akwai mutanen da ƴan birni suka fara mantawa. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya sanya ƴar'uwar uwa a matsayin uwa, ya kuma bayyana cewa ɗan'uwan uba tamkar uba yake. Tirmizi ya kawo labarin wanda ya zo yana kukan ya aikata babban zunubi, aka tambaye shi ko yana da uwa, ya ce a'a, aka tambaye shi ko yana da ƙanwar uwa ko yayarta, ya ce e, sai aka umurce shi da ya je ya kyautata mata. Mutane da yawa suna neman lakanin yaye damuwa a wurin malamai, alhali inna ko gwaggo tana can bayan gari a ɗakin da ruwan Agusta ke zuba, rabonta da ganinsu tun ranar sadakar arba'in ɗin mahaifiyarsu.

Abokan iyaye ma suna da rabo. Abdullahi ɗan Umar ya taɓa haɗuwa da wani Balaraben ƙauye a hanyar Makka, ya sauka ya ba shi jakin da yake hawa da rawanin da ke kansa. Da abokan tafiyarsa suka ga kyautar ta yi yawa, sai ya gaya musu mahaifin mutumin nan aminin Umar ne, kuma ya ji daga Annabi cewa sada abokan uba bayan ya kau yana cikin mafi girman biyayya. Haka kuma bayan wafatin Annabi, Sayyidina Abubakar ya ce wa Sayyidina Umar su je su ziyarci Ummu Aimana kamar yadda Manzon Allah ya kasance yana ziyartarta. Kowane gari yana da irin waɗannan tsofaffi, waɗanda suka yi wazifa kafaɗa da kafaɗa da uban mutum shekara talatin. Zaman rabin awa a zaurensu ya ishe su labari har wata damina.

Amma wurin da darasin ya fi tsauri shi ne nan. Bukhari ya ruwaito cewa mai sada zumunci na gaskiya ba shi ne mai ramawa ba, wato wanda aka zo masa shi ma ya je. Shi ne wanda idan aka yanke masa sai ya sadar. Idan aka auna yawancin ziyarce-ziyarcen hutu da wannan ma'auni, za a tarar ramuwa ce kawai: an je gidan da ake dariya, an ci kaza, an kwana, an wuce ƙofar da ke da nauyi kamar ba a gan ta ba. Ƙofar nan kuwa kowa ya san tasa. Ga wani, ta baffan da aka yi shari'ar gonar gado da shi har gaban mai gari. Ga wani, ta ƴar'uwar da aka yi saɓani da ita a kan auren ƴarta. Ga wani kuma, ta ƙanen da ya karɓi bashi tun shekarar fari bai biya ba, kunya ta sa yana ɓuya, ɓuyar ta zama gaba.

Nafsu ba za ta rasa hujja ba. Za ta ce shi ne ƙarami, shi ya kamata ya zo. Za ta ce idan aka je zai ɗauka tsoronsa ake ji. Hadisi ya rufe wannan hanyar tun da wuri: bai halatta Musulmi ya ƙaurace wa ɗan'uwansa fiye da kwana uku ba, kuma mafificin su biyun shi ne wanda ya fara sallama. An kuma ruwaito cewa ana bijiro da ayyuka ranar Litinin da Alhamis, a gafarta wa duk wanda ba ya shirka, ban da mutum biyun da ke gaba da juna, su sai a jinkirta su har su sasanta. Muridin da ke neman fatahi ya tsaya ya yi tunanin wannan jinkirin da kyau. Yana iya yiwuwa abin da yake ji kamar ƙulli a cikin zikirinsa ba ƙarancin adadi ba ne. Tarbiyya kuwa tun asali karya girman kai ce, kuma babu halwar da ke karya shi kamar tsayuwa a ƙofar ƙanenka kana sallama ba ka san da wace fuska zai fito ba.

Idan aka je aka samu fuska a ɗaure fa? Wani sahabi ya kawo irin wannan ƙara, ya ce yana da dangin da yake sadarwa suna yankewa, yana kyautatawa suna munanawa. Annabi bai ce ya daina ba. Ya gaya masa cewa idan haka abin yake, kamar toka mai zafi yake ɗura musu, kuma mataimaki daga Allah ba zai rabu da shi ba muddin yana kan haka. Saboda haka ba sharaɗi ba ne a dawo da shiri kamar da a zama ɗaya. A yi sallama, a tambayi lafiyar iyali, a ajiye ƴar tsaraba, a tashi. Maganar gona ba ranarta ba ce.

Akwai wata ƙofa da ta keɓanci wannan zamani, kuma gidaje da yawa a Maraɗi da Ƙonni da Damagaram sun san ta: ɗan'uwan da ya bar ɗariƙa, ko ya tashi cikin Izala, yana ganin wazifa bidi'a ce. Wasu gidaje sun kai shekaru ba a cin tuwo a kwano ɗaya saboda wannan. Asma'u ƴar Sayyidina Abubakar ta tambayi Annabi game da mahaifiyarta da ta zo mata Madina tana mushirika, ya umurce ta da ta sada ta. To ina ga ɗan'uwa Musulmi, mai fuskantar alƙibla ɗaya, mai azumin wata ɗaya? Haƙƙinsa na jini bai faɗi ba don ya soki abin da muridi yake girmamawa. Abin da ya dace shi ne a je masa a matsayin ɗan'uwa, a bar muƙabala a tasha. Idan ya taso da zancen, a ce masa ba wannan ya kawo mutum ba, a juya magana zuwa yara da damina. Idan ya kai ga zagin Shehu, a tashi cikin natsuwa, domin zama a majalisin da ake cin mutuncin waliyyai bai dace da muridi ba, amma a sake komawa gaishe shi wani lokacin. Kuma gaskiya ita ce sau da yawa ba daga ɓangare ɗaya tsokanar take fitowa ba. Akwai ƴan'uwa a ɗariƙa da ke shiga gidan irin wannan mutum su ƙure ƙarar waya da ƙasida da gangan, sannan su fito suna cewa an wulaƙanta su.

Wani zai ce shi hutunsa na ziyarar shehunai ne. Madalla. Zuwa Kiyota, garin Shehu Abubakar Hashim wanda ya rasu a 2004, ko Madina Baye a Kaulaha inda Shehu Ibrahim Inyass yake kwance tun 1975, ko Fas inda Shehu Tijjani ya yi wafati a 1815, duk alheri ne mai girma ga wanda Allah ya hore wa. Sai dai ziyarar shehi abin so ce, sada zumunci kuwa wajibi ne, kuma a wurin malaman Malikiyya mafi ƙarancinsa shi ne sallama da rashin ƙauracewa. Wanda ya tara jikkuna ɗaruruwa ya ƙetare ƙasashe zuwa Senegal, alhali ya ratsa ta bakin garin kawunsa bai sauka ba, ya sa nafila gaban farilla. Shehunan da yake nufa su ne farkon waɗanda za su mayar da shi ga wannan kawun.

Sai ladubban baƙunci, kuma a nan akwai abin da ɗan birni ke yawan mantawa. Babban hutu a Nijar yana faɗawa ne daidai lokacin da ƙauye ya fi shiga matsi. A Yuli da Agusta rumbu ya yi ƙasa, gero bai nuna ba, farashin tiya ya hau a kasuwa, magidanci yana fita noma da ɗan kunu ko fura a ciki. A daidai wannan lokacin ne mota ke sauke baƙo da mata da yara shida. Mai gida Bahaushe ne, ba zai nuna ba. Zai yanka kazar da ya ajiye don ranar larura, ya ci bashin shinkafa a kanti, ya yi ta murmushi. Shari'a ta umurci mai gida da girmama baƙo, ta sanya masa yini da dare na kyakkyawar tarba, ta iyakance liyafa a kwana uku, abin da ya wuce haka sadaka ne. Amma hadisin bai tsaya nan ba, ya hana baƙo ya zauna har ya ƙuntata wa mai masaukinsa. A ruwayar Muslim an fassara ƙuntatawar da cewa ya zauna wurinsa alhali ba shi da abin da zai ba shi. Hausawa ma sun ce baƙo raɓa ne.

Wannan ba ya nufin ɗa ya yi kwana uku a gidan ubansa ya tafi, domin shi ba baƙo ba ne. Abin nufi, wanda zai daɗe ya shiga cikin ɗawainiyar gidan. Buhun gero ko na masara da galan ɗin mai sun fi turmin atamfa amfani a wannan wata, ko da atamfar ta fi kyau a ido. A miƙa su cikin sirri, a ce na yara ne, don kada mai gida ya ji an raina shi. Samarin da suka zo hutu kuwa bai kamata su kwana suna latsa waya har rana ta take ba, alhali ƴaƴan gidan sun fita gona tun da sassafe. A ba su hauya su bi sahu, ko da kunya ɗaya za su iya. A kuma tafi da gidan sauro, domin lokacin zazzaɓin cizon sauro ne, kuma yaron da ya kwanta ciwo a ƙauye wani nauyin ne a kan mai masauki.

Neman izini ma yana cikin abin da sabo ke kashewa. Suratun Nur ta hana shiga gidajen mutane sai an nemi izini an yi sallama, ta kuma ce idan aka ce a koma to a koma. Sunna ta iyakance neman izinin a sau uku. A cikin Muwaɗɗa Imamu Malik ya kawo mutumin da ya tambaya ko zai nemi izini kafin ya shiga wurin mahaifiyarsa wadda yake zaune gida ɗaya da ita, aka ce masa e. Idan haka ne ga uwa, to ƙanen miji da ya sauka daga birni ba shi da hurumin kutsawa sashen matar wansa da sunan wasa. Ya tsaya a zaure har a yi masa iso. Wayar hannu kuma ta kawo wani sabon nau'in shiga ba izini: a ɗauki hoton tsohuwa cikin tsummanta, ko kwanon tuwon gidan, a watsa a WhatsApp da Facebook. Abin da ido ya gani a gidan mutane amana ne, haka abin da kunne ya ji. Mai fita daga gidan gwaggo ya kai labarinsa gidan inna ya yi yawon annamimanci, ko da ya sa masa suna zumunci.

Idan aka sauka garin da ke da zawiya, a halarci wazifa tare da mutanenta, wannan ita ce ziyarar ƴan'uwa. Hadisi ya hana mutum ya limanci wani a wurin ikonsa ko ya zauna a mazauninsa na girma sai da izininsa. Don haka ko muƙaddami ne babba a Yamai, idan ya zo zawiyar ƙauye ya zauna inda aka zaunar da shi, kada ya ja wazifa sai an gabatar da shi, kada kuma ya fara gyara musu karin murya a daren farko.

Game da salla a hanya, a mazhabar Malikiyya ƙasaru sunna ce mai ƙarfi a tafiyar da ta kai mil 48, abin da ake ƙiyastawa da kimanin kilomita 80. Mai zuwa Tibiri ko Madarunfa daga Maraɗi, ko Mirya daga Damagaram, ba shi da ƙasaru. Mai zuwa Tasawa daga Maraɗi, ko Ƙonni daga Tawa, yana da ita. Ana farawa bayan an wuce gidajen gari, kuma azahar da la'asar da isha'i ne ke komawa raka'a biyu. Niyyar zaman kwana huɗu cikakku tana yanke hukuncin tafiya, haka shiga garin da mutum yake zaune ko garin da matarsa ta tare. Ke nan wanda ya zo da niyyar mako biyu, tun isarsa cikawa zai yi. Haɗa salla kuwa rangwame ne: idan rana ta karkata mota tana tsaye, kuma an san ba za a sake tsayawa ba sai bayan faɗuwar rana, a haɗa azahar da la'asar nan take. Asuba ce ta fi shiga haɗari ga masu tashin dare, don ba a haɗa ta da kowace salla. A shiga mota da alwala, a kuma roƙi direba ya tsaya kafin rana ta ɓullo.

Wuridi ba ya zuwa hutu. Matafiyi yana iya yin laziminsa a zaune cikin mota, da tsarki, ba tare da surutu ba, ko da bai fuskanci alƙibla ba. Wanda ya san motarsa ta asuba ce yana iya gabatar da lazimin safe cikin dare, bayan isha'i da ɗan lokaci, kafin alfijir ya keto. Jauharatul Kamali tana da nata sharuɗɗan, alwalar ruwa da wuri mai tsarki mai yalwa, don haka wanda ya yi taimama ko yake matse a kujerar mota sai ya musanya ta da Salatul Fatihi ashirin. Lazimi da wazifa idan suka kuɓuce ana rama su. Zikirin Juma'a kuwa idan rana ta faɗi ya wuce, babu ramuwa, saboda haka mai zaɓin ranar tafiya gara ya kauce wa yammacin Juma'a. Abin da ya fi cinye wuridi a hutu ma ba hanya ba ce, hirar dare ce da shayi: a zauna da abokan ƙuruciya har zakara ya yi cara, a makara asuba, a wayi gari da bashin lazimi biyu.

In buƙata ta biya, sunna ita ce a gaggauta komawa ga iyali, domin Annabi ya siffanta tafiya da cewa yanki ce ta azaba. Ya kuma hana wanda ya daɗe ba ya nan ya faɗo wa iyalinsa cikin dare ba su sani ba, abin da kiran waya ɗaya daga tashar Doso ke warwarewa a yau. Idan ya iso da rana ya fara da masallacin unguwa ya yi raka'a biyu, kamar yadda Manzon Allah yake yi in ya dawo daga tafiya. Sannan kafin ya kwance kaya, ya kira mutumin nan da ya yi wa sallama da ƙyar a ƙauye, ya shaida masa an sauka lafiya.